Idan Mai Ciki Ta Ƙi Aiki: Raddi ga Ƙa'idar "Sa Hannu Ki Tafi" a Haihuwar Ɗan da Ya Zo a Zaune

Tsakure

Wannan maƙala ta duba ƙa'idar da wasu asibitoci ke bi, ta ƙin karɓar haihuwar ɗan da ya zo a zaune sai ta hanyar tiyata, tare da sallamar duk macen da ba ta amince ba. Maƙalar ta yarda cewa aikin da aka tsara tun kafin naƙuda yana rage wa jariri haɗari. Abin da take musantawa shi ne a ce wannan ya isa hujjar rufe wa mace ƙofar ɗakin haihuwa.

1.0 Gabatarwa

A cikin kowane ciki 100 da ya shiga watan haihuwa, akan sami 3 zuwa 4 da ɗan bai juya ba, kansa na sama, mazaunansa ko ƙafafunsa na ƙasa. A wurin awo mata kan ce "yaron a zaune yake", tsofaffi kuwa su ce "ta ƙafa zai zo".

Abin da ya jawo wannan rubutu wani daftari ne da aka gabatar mana a zaman bitar ƙa'idojin sashen haihuwa. Mai daftarin dattijo ne a wannan fage, kuma a hannunsa na koyi ɗinkin mahaifa. Saboda haka a nan zan riƙa kiran sa Malam, kamar yadda na saba. Daftarin sakin layi biyu ne. Na farko ya ce duk ɗan da aka tabbatar a zaune yake bayan mako 37, aiki za a yi. Na biyu ya ce wadda ta ƙi za a yi mata bayani, ta sa hannu a takardar cewa ta saɓa wa shawarar likita, sannan a tura ta wani asibiti. Nas-nas sun riga sun raɗa wa sakin layi na biyun suna, "sa hannu ki tafi". A kansa ne kaɗai na saɓa da Malam, kuma ina ganin saɓanin ya cancanci a rubuta shi, domin ra'ayin ba nasa ba ne shi ɗaya.

2.0 Abin da kowa ya sani

Gwajin da Mary Hannah da abokan aikinta suka wallafa a mujallar Lancet a 2000, kan mata 2,088 a cibiyoyi 121 na ƙasashe 26, ya sami mutuwa ko mummunar illa ga jariri kashi 1.6 cikin 100 idan an tsara aiki, da kashi 5.0 idan an tsara mace ta haihu da kanta. A 2001 ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta ba da shawarar aiki. A Holan kuwa, cikin wata biyu yawan aikin da ake yi saboda wannan dalili ya tashi daga kashi 50 zuwa 80 (Rietberg, 2005). Daga baya bibiyar yaran a shekara biyu ba ta nuna bambanci ba a mutuwa ko jinkirin bunƙasar ƙwaƙwalwa (Whyte, 2004), an soki tsarin gwajin (Glezerman, 2006), sannan binciken PREMODA na Faransa da Beljiyam kan mata 8,105 bai sami bambanci mai ma'ana ba inda aka tace waɗanda za su gwada (Goffinet, 2006). Amurkawa sun sassauta matsayinsu a 2006, Kanada ta bi a 2009. Jagorar likitocin mata na Birtaniya ta 2017 ta ƙiyasta mutuwar jariri da kusan 0.5 cikin 1,000 a aikin da aka tsara, kusan 2 cikin 1,000 a haihuwar ɗan zaune, da kusan 1 cikin 1,000 idan da kai ya zo.

3.0 Inda saɓanin yake

Da na fara wannan rubutu, niyyata ita ce in nuna cewa a ƙasa irin tamu haihuwa da kai ta fi aiki dacewa ga ɗan zaune. Ina da abin dogaro. A gwajin Hannah kansa, tazarar ta ragu ƙwarai a ƙasashen da mutuwar jarirai ke da yawa: kashi 2.9 da 4.4, alhali a ƙasashen da take da ƙaranci kashi 0.4 ne da 5.7. Binciken tiyata na Afirka da Bishop da abokan aikinsa suka wallafa a 2019 ya sami mutuwar uwa kimanin 5.4 cikin kowane aikin haihuwa 1,000, wato ninki 50 na ƙasashe masu arziki. Ga kuma tabo. Macen Arewa maso Yamma tana haihuwar 'ya'ya 6.6 a matsakaici, inji ƙididdigar lafiya ta Nijeriya ta 2018. Idan aka yanka mahaifarta a cikin fari, akwai ciki biyar ko shida da za su hau kan wannan ɗinki. Silver da abokan aikinsa sun nuna a 2006 yadda mannewar mabiyiya ga jikin mahaifa ke hawa daga kashi 0.24 a aikin farko zuwa 2.13 a na huɗu.

Sai dai da na sake zama a kan alƙaluman, na ga ba za su ɗauki nauyin da na so ɗora musu ba. Adadin Bishop ya haɗa da matan da aka kawo a galabaice bayan doguwar naƙuda ko zubar jini, ba ma'aunin aikin da aka tsara da rana tsaka ba ne. PREMODA kuma lura ce, ba gwaji na ƙuri'a ba, kuma an yi ta a asibitocin da ke auna ƙugu, suke sauraron zuciyar jariri ba yankewa, suke da likitan da ya saba da aikin a kusa. Ba kowane asibitinmu ne zai yi da'awar haka ba. Don haka na janye babbar da'awar. Na bar wa Malam cewa ga jaririn da ke cikin wannan cikin, aiki ya fi aminci, kuma ba laifi likita ya faɗi haka ƙarara.

Abin da ya rage a hannuna ya fi ƙanƙanta, amma ina jin ya fi ƙarfi. Duk binciken ɗan zaune da aka ambata yana gwada hanya biyu ne a cikin asibiti. Macen da ta ƙi aiki ta riga ta fita daga wannan gwadawa. Zaɓin da ke gabanta shi ne ta haihu da kanta a hannun wanda ya iya, ga ɗakin tiyata a kusa, ko ta haihu da kanta a ɗakinta, ko a cikin a-daidaita-sahu tsakanin asibiti da asibiti. Ƙa'idar sallama ba ta mayar da ita cikin rukunin 0.5 cikin 1,000. Fitar da ita take yi daga rukunin 2, ta jefa ta inda babu mai ƙirga.

4.0 Hujjojin Malam

4.1 "Mu ba mu da hannun"

Hujjar Malam ta farko ita ce mafi nauyi, kuma ba zan rage mata komai ba. Ya ce a tsara tasu likita ba ya gama koyo sai ya karɓi ɗan zaune sau da dama, amma yau akwai mai shekara huɗu a horo da bai taɓa sa yatsa a fuskar jariri ya sunkuyar da kai ya fito da shi ba. Idan jiki ya fito kai ya maƙale, mintuna kaɗan ne tsakanin rai da ajali, domin kan ya danne cibiya. Asibitin da ya buɗe ƙofa ga abin da ba shi da hannun yi, inji shi, yaudarar mace yake yi.

Gaskiya ne hannun ya yi ƙaranci. Amma a tambaya, me ya rage shi? Shekara 20 da ɗoriya na ƙa'idoji irin wannan daftari. Hujjar tana cin wutsiyarta: an hana saboda ba a iya ba, ba a iya ba saboda an hana. Kuma ɗan zaune bai san da ƙa'ida ba. A ƙasar da mata da yawa ba sa zuwa awo, ko su zo ba a yi musu hoton ciki a watan ƙarshe ba, kullum akwai wadda za ta iso bakin mahaifa ya buɗe gaba ɗaya, mazaunan ɗa sun sauko. Akwai tagwaye na biyu da zai juyo da ƙafa. Ko a kan teburin tiyata, da dabarun nan ne dai ake fito da hannuwa da kai. Asibitin da ya daina koyar da dabarar Løvset ta sauko da hannu, da ta Mauriceau ta fito da kai, bai kawar da wannan haihuwa daga ɗakinsa ba. Ya dai tabbatar cewa ranar da ta zo da tsakar dare za ta sami wanda bai shirya ba, wanda tsoro zai sa ya ja, alhali dokar farko a nan ita ce kada a ja.

Malam ya amsa da cewa to a tura ta inda aka iya. Na yarda, da sharaɗi: ya kasance turawa ce ta haƙiƙa. A san asibitin, a kira shi, a tabbatar akwai mai karɓa, kuma naƙuda ba ta kankama ba. Turawa zuwa "wani asibiti" da ba a ambata ba, a garin da kowa ya ɗauki ƙa'ida ɗaya, kora ce da aka yi wa lulluɓi. Ƙididdigar 2018 ta nuna kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti a Nijeriya, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 16. Macen da ta ƙetare wannan shinge ta zo gare mu, muka ce ta tafi, da wuya ta ƙwanƙwasa ƙofa ta biyu.

4.2 "Idan aka buɗe ƙofa, kowa zai ƙi"

Hujja ta biyu ita ce, a ganina, ainihin abin da ke ran Malam. Ya ce ƙin aiki a cikin matanmu sau da yawa ba ra'ayi ba ne mai tushe. Tsoro ne, da maganar uwar miji, da gorin kishiya cewa raguwa ce ake yi wa aiki. Idan asibiti ya tsaya kai da fata, da yawa sukan sauko su sa hannu. Idan kuwa suka ji akwai wata hanya, ko wadda da za ta yarda sai ta noƙe. Tsaurin ƙa'ida, inji shi, rahama ce.

A nan akwai gaskiyar da na gani da idona: wasu sukan sauko. Sai dai hujjar tana da rauni a wurare uku.

Na farko, masu saukowa muke gani, domin su ne suka rage a gabanmu. Wadda ta ce bari ta je ta yi shawara da maigida ba ta dawo ba, ba ta cikin rajistar kowa. Idan ta dawo, a matsayin wata matsala take dawowa: ɗa ya mutu kai a maƙale, ko mahaifa ta fashe bayan an ɗura mata ruwan naƙuda a wani ɗaki. Lokacin nan a littafinmu za a rubuta ta cikin waɗanda ba su yi awo ba, ba cikin waɗanda ƙa'idarmu ta kora ba. Ƙa'idar da take ɓoye gawarwakinta a shafin wani, dole ta yi kyau a takarda.

Na biyu, amincewar da aka samu da barazanar kora ba amincewa ba ce a ma'anar da muke koya wa ɗalibai. Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka, a matsayarta ta 2016 kan mai cikin da ta ƙi shawarar likita, ta hana tursasawa da tsoratarwa, kuma ba don tana raina ran jariri ba ne. Kotaska ya kawo irin wannan bayani a 2017: idan babu damar cewa a'a, to e ɗin ma ba ta da daraja.

Na uku, kuma shi ya fi damuna, hujjar ta ɗauka cewa duk mai ƙi jahila ce ko tsoro ne ya kama ta. Ba haka ba ne a koyaushe. Na zauna da mace mai haihuwa shida, duka da kanta, biyu a ciki ta ƙafa suka zo. Ƙauyensu ya fi awa biyu daga inda ake ƙarin jini. Ta san idan aka yi mata aiki, cikin gaba ma sai an ce ta zo asibiti, kuma ta san da damina hanyarsu ba ta biyuwa. Lissafin da ta yi shi ne wanda na yi a sashe na uku, sai dai ita ba da alƙaluma ta yi shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Holan, inda ake da jini da wuta da motar asibiti, Vlemmix da abokan aikinta sun ƙiyasta a 2014 cewa sai an yi aiki 338 kafin a kuɓutar da jariri ɗaya, kuma Schutte ta ba da rahoton mata huɗu da suka rasu bayan irin wannan aiki tsakanin 2000 da 2002. Mutum mai hankali zai iya duba wannan ya zaɓi aiki. Wani mai hankalin zai iya dubawa ya ƙi.

Wani lokacin kuma "a'a" ɗin ba ta aiki ba ce, ta kuɗi ce. Nijar ta mayar da tiyatar haihuwa kyauta tun 2005, Nijeriya ta sanar da irin wannan shiri ga mata marasa ƙarfi a Nuwamba 2024. Kafin a miƙa wa mace takarda, ya kamata a san wace irin a'a ce ta faɗa, kuma a ji ta daga bakinta, ita kaɗai, ba daga bakin wanda ya rako ta ba.

4.3 Kotu da fiƙihu

Hujja ta uku ta alhaki ce: idan ɗan ya mutu a hannunmu, wa za a kama? A Ingila an daɗe da amsawa. Shari'ar MB ta 1997 a kan ɗan zaune aka yi ta, kuma ko da yake kotun ɗaukaka ƙara ta ba da izinin aikin saboda tsoron allura ya gusar wa matar da ikon yanke shawara a lokacin, ta kafa cewa mai cikakken hankali tana da ikon ƙi ko da hakan zai kai ga rasa ɗan. A Nijeriya, Kotun Ƙoli a shari'ar Okonkwo ta 2001 ta wanke likitan da ya ci gaba da kula da majinyaciyar da ta ƙi ƙarin jini har ta rasu. Malam ya tuna mini da shari'ar Esabunor ta 2019, inda kotun ta amince a ƙara wa jariri jini duk da ƙin mahaifiyarsa. Haka ne, amma wannan jariri ne da aka haifa, ana iya yi masa magani ba tare da an taɓa jikin uwarsa ba. Ko ɗaya daga cikin shari'un Nijeriya biyun ba a kan mai naƙuda aka yi ta ba, don haka ba zan ja su fiye da inda suka tsaya ba. Abin da za a iya cewa shi ne, ci gaba da kulawa yana da madogara a hukuncin kotu, sallamar mai naƙuda kuwa tana karo da sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wanda ya hana ƙin ba da kulawar gaggawa.

Ta ɓangaren addini, Malam ya kawo matsayar Majalisar Fiƙihu ta Duniya a zamanta na Sharjah a 2009, wadda ta ce idan aiki ya zama dole don ceton ran uwa ko na ɗa, ba a la'akari da ƙin ma'aurata. Ban isa in ja da malamai ba. Amma fahimtata ita ce matsayar tana magana ne kan larurar da halaka ta yi rinjaye a cikinta, kamar fashewar mahaifa. Haɗarin 2 cikin 1,000 ba ya cikin wannan babi. Ko da ma za a ce yana ciki, abin da matsayar ta nuna shi ne a ceci ran, ba a sallami mai ɗauke da shi ba. Ƙa'idar malamai ta cewa idan cuta biyu suka haɗu a ɗauki mafi sauƙi, a nan tana tare da riƙe mace a asibiti.

5.0 Abin da ƙa'ida ta kamata ta ƙunsa

Ina ba da shawarar a bar sakin layi na farko a matsayin shawara, a sauya na biyu. A fara da tayin juya ɗan ta waje daga mako 36 ga mai cikin fari, 37 ga wadda ta saba, domin kusan rabi sukan juyu, matsalar ta ƙare tun kafin ta taso. Wadda ta ƙi aiki a yi mata hoton ciki a duba ko wuyan ɗan a miƙe yake baya, ko ƙafa ce a gaba, ko nauyinsa ya haura kilo 3.8, ko bai girma yadda ya kamata ba. Idan an ga ɗayan waɗannan, a gaya mata cewa haɗarinta ya wuce na sauran, babban likita ya sake zama da ita. Ɗan da ya gicciye, ko mabiyiyar da ta tare hanya, ba sa cikin wannan magana sam, domin babu hanyar fita. A yi yarjejeniya tun da wuri kan alamomin da idan sun bayyana a naƙuda za a sake kawo maganar aiki. Abin da na lura shi ne macen da aka bari ta gwada, ta ga an tsaya mata, ta fi saurin cewa a yi idan aka ce hanya ta ƙi. A rubuta sunayen waɗanda suka iya, likita ne ko ungozoma, a san wanda za a kira. A riƙa atisaye da 'yar tsana a kai a kai. A kuma buɗe rajistar duk wadda ta ƙi, har da wadda ta tafi, a bi ta a ji yadda ta sauka.

Akwai wani abu da ya kamata mu duba da idon basira. A Frankfurt ta Jamus, Louwen da abokan aikinsa sun ba da rahoto a 2017 cewa matan da suka haifi ɗan zaune a durƙushe sun fi saurin saukewa, kuma ba a cika buƙatar sa musu hannu ba. Asibiti ɗaya ne, kuma waiwaye ne, don haka ba a gina hukunci a kansa. Amma a harshenmu, idan aka ce mace tana kan gwiwa kowa ya san naƙuda ake nufi. Tsayuwar da aka raba matanmu da ita a kan gadon asibiti ta cancanci mu bincike ta da kanmu.

6.0 Kammalawa

Ni da Malam abu ɗaya muke gudu, wato jaririn da jikinsa ya fito kansa ya tsaya. Shi ya ga hakan sau da yawa fiye da ni, kuma daga nan daftarinsa ya fito. Bambancinmu shi ne daftarin yana tabbatar da cewa abin ba zai faru a ɗakinmu ba, ni kuwa ina tsoron zai faru a ɗakin da babu fitila, babu mai sunkuyar da kan, babu abin hura wa jariri iska. Ban kawo hujjar cewa mai ƙin aiki ta yi daidai ba. Sau da yawa nakan so a ce ta yarda, kuma nakan gaya mata haka. Abin da na kawo shi ne cewa bayan ta ƙi, cikin yana nan, naƙudar na tafe, kuma mu ne muka fi kowa sanin yadda ake fito da wannan kai. Idan har sai an sa hannu, to a sa a kan takardar da ke cewa ta ji shawararmu ba ta ɗauka ba, sannan a nuna mata gadonta.